Kurakuran da aka fi yi wajen gasa alminiyam ɗin zubin matsi

Wanda hannunsa ya saba da baƙin ƙarfe yakan ɗauka da an gasa alminiyam an tsoma a ruwa, shi ke nan ya yi tauri. Ina! Da laushinsa yake fitowa daga ruwan. Ƙarfin sai an mayar da shi tanda a zafi kaɗan, wajen digiri 150 zuwa 180 a ma'aunin Celsius, na sa'o'i. Wani masanin ƙarafa, Alfred Wilm, ne ya gano a Jamus a 1906 cewa taurin daga baya yake zuwa. Kuma kada a jira alminiyam ya yi ja. Kafin ido ya ga jan, ya riga ya zube. Ma'aunin zafi ake bi.

Babbar ɓarnar kuwa ita ce ɗauko tsarin zubin yashi a ɗora wa zubin matsi. Gaurayen alminiyam mai lamba A356 da aka zuba a yashi yana jure digiri 540 na tsawon sa'o'i. Zubin matsi da gudu ake cusa shi cikin ƙwarya ta ƙarfe, sai iska ta maƙale a 'yan ramuka ƙarƙashin fata. Da zafi ya yi yawa ƙarfen ya saki, iskar ta buɗe, ka ciro murfin inji duk bororo, gefensa ya karkace, ramin ƙusa ya ƙi zama daidai. Wannan kam sai dai a sake narkarwa. Masu bincike na CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, sun nuna mafita: a rage zafin zuwa wajen digiri 490, kimanin minti 15 kacal, a tsoma, a kai tanda ta biyu. In siffar kayan ta fi ƙarfinsu muhimmanci, ni dai a ganina gara a tsallake babban gashin, a yi ƙaramin kaɗai, wato T5.

Gauraye mai jan ƙarfe irin A380 yana da wani sirri: ɗan sashensa na ciki yana fara narkewa da an haura digiri 500 da kaɗan, waje kuwa lafiya lau.

Sai jinkiri tsakanin tanda da ruwa. Daƙiƙoƙi ake ƙirgawa, don haka a ajiye bahon a bakin tanda. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi rage karkacewa.

Wasu kuma gasa tarkacen da ba a san haɗinsa ba suke yi. In babu maganiziyam ko jan ƙarfe a ciki, asarar wuta ce kawai.