Ga ƴan'uwa sababbin zuwa bakin Tafkin Volta

A daminar bana na ga samari uku daga gida sun maimaita a Yeji, wani gari a bakin Tafkin Volta a ƙasar Ghana, kuskuren gaggawar ƙetare ruwa da na yi shekaru da dama da suka wuce, shi ya sa na ga ya wajaba in yi wannan rubutu, ko da yake na san wasunku sai sun jiƙe kafin su saurara.

Maganar masauki ba ta da wuya. Duk garin da ka sauka a bakin tafkin nan, ko Yeji ko Kete Krachi ko Buipe, ka tambayi zango, ka je ka gai da sarkin zango da liman, za a haɗa ka da maigida. Kakanninmu sun riga mu share wannan hanya tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa sun koma Kete Krachi, inda Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya yi limanci har rasuwarsa a 1934. Saboda haka a kasuwar kifi da ta doya Hausarka ta ishe ka ciniki.

Ruwan ne ba ku sani ba. Wannan tafki bai yi kama da kogin Kwara da wasunku suka saba ƙetarewa ba, domin daji ne da garuruwa ruwa ya cinye bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965, har sai da aka sauya wa mutane wajen 80,000 matsuguni. Itatuwan dajin suna nan tsaye a ƙarƙashi, kuma idan ruwa ya ja baya kututturansu kan tsaya dab da fuskar ruwa, inda matuƙi ba ya ganinsu sai ya hau kansu.

Ni ma da gaggawa na zo. Ina so in ƙetare daga Yeji zuwa Makango in kama hanyar Salaga, aka ce babban jirgin fito mai ɗaukar motoci sai can da yamma, na ga ba zan iya zaman jira ba. Na shiga kwale-kwalen inji wanda aka danƙare da buhunan masara da kwandunan banda da babura biyu, ga mutane a kan kayan, babu mai rigar kariya ko ɗaya. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, dubi bakin jirgin nan da ruwa, ko taƙi ɗaya babu tsakaninsu," na yi murmushi na zauna abina. Mun yi nisa kaɗan sai muka daki kututture, jirgin ya karkata, ruwa ya shigo. Allah ya tsare, masunta suka kwashe mu babu wanda ya rasu, amma jakata ta nutse aka tsamo ta, kuma a cikinta fasfona yake da katin allurar shawara.

Nan wahalar ta soma. Hatimin shigowata ya narke har ba a iya karanta ranar, alhali ɗan ƙasashen ECOWAS kwana 90 ne yake da su kafin ya nemi ƙari ko izinin zama. A kowane shinge sai an sauke ni an tambaye ni yaushe na shigo, ba ni da abin nunawa sai rantsuwa. Na yi zuwa Accra har sau uku, jarin da na zo da shi na sayen doya ya ƙare a kuɗin mota, kuma da maigidana bai tsaya mini da takardar shaida ba, da an mayar da ni gida. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasunku ke cewa ai duk ƙasar Hausa ce, takarda ta mece ce, bayan dattawan zango har yau suna ba da labarin korar baƙi da gwamnatin Ghana ta yi a 1969.

Don haka ka naɗe takardunka a leda biyu, ka ɗaure su a jikinka, kada su shiga jakar kaya, ka kuma bar hotonsu a wajen maigida. Ka rubuta ranar shigowarka a wani wuri daban. Idan hadari ya haɗu ko magariba ta gabato, ka kwana a Yeji, jirgin safe yana nan.