Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen nazarin girman kai a adabin Gotik

Kowace shekara kurakuran nan dai nake tararwa a takardun masu fara nazarin adabin Gotik, wato labaran ban tsoro na Ingila, har abin ya ishe ni.

Mafi girmansu shi ne cewa wai neman ilimi ne ya halaka Victor Frankenstein. Wannan magana ta taɓa jawo mini asarar babi guda cur, aka dawo mini da shi jajir da jan biro, don haka ba na raga mata. Ku koma littafin Frankenstein da Mary Shelley ta fitar a 1818. Victor ya kusa shekara biyu yana harhaɗa wata halitta mai siffar mutum don ya sa mata rai a garin Ingolstadt na Jamus, ko wasiƙa ya daina aika wa gida. A daren nan na Nuwamba da halittar ta buɗe ido, me ya yi? Ya ga muninta, ya ranta a na kare ya bar ta. So yake a ce shi ne uban sabon jinsi da zai riƙa sa masa albarka, amma ɗaukar nauyin abin da hannunsa ya ƙera ya gagare shi. Da aka kashe ƙaninsa William, aka ɗora wa Justine, mai aikin gidansu, laifin, zuciyarsa ta riga ta gaya masa cewa halittar ce ta yi kisan, amma ya ja bakinsa ya tsuke don kada a ce ya zautu, har aka zartar wa yarinyar hukuncin kisa. To, ilimin kimiyya ne ya riƙe masa harshe a gaban alƙalai? Haba jama'a! Kare mutuncin kansa ya fi masa ran baiwar Allah, kuma a nan girman kan yake.

Ni dai al'adata, a cikin bangon littafi nakan jera sunayen waɗanda suka mutu, gaban kowane suna in rubuta shawarar da jarumin ya yanke kafin mutuwar. William, Justine, amininsa Clerval, amaryarsa Elizabeth. Sai na gama wannan nake ɗaukar biro in fara sharhi.

Na biyu ma yana ƙona mini rai. A littafin The Monk na Matthew Lewis, 1796, sai ɗalibi ya rubuta cewa Matilda, matar da ta yaudare shi, ita ce ta ɓata jarumin littafin, Ambrosio, shi ke nan ya rufe takarda. Wannan lalaci ne, ga kuma saurin ɗora wa mace laifi. Ambrosio malamin coci ne da mutanen Madrid ke cincirindon jin wa'azinsa, yana taƙama da tsarkinsa alhali ya girma ne a killace, ba a taɓa jarraba shi ba. Ku duba ranar da wasiƙar soyayyar da aka rubuta wa Agnes, wata 'yar zuhudu (sista), ta faɗa hannunsa. Ta durƙusa tana roƙo ya rufa mata asiri, ga ta da juna biyu, ya ƙi, ya miƙa ta ga shugabar gidan ibadarsu. A lokacin bai faɗa tarkon kowa ba tukuna. Wanda ya tsallake wannan wuri ba zai gane yadda aka yi mutumin ya kai ga kashe Elvira da Antonia ba, waɗanda daga baya ta bayyana uwarsa ce da ƙanwarsa.

Sauran ƙanana ne. Halittar ba ta da suna, Frankenstein sunan wanda ya haɗa ta ne. Babu Igor, mataimakin nan da ake gani a finafinai, a littafin, in na gan shi a takardarka na san fim ka kalla. Kada a fara tarihin adabin Gotik daga Shelley, gama tun 1764 Manfred na The Castle of Otranto ya soke 'yarsa ta cikinsa garin son riƙe sarauta. Ita ma sunanta Matilda, kada a haɗa ta da waccan. Vathek na William Beckford, 1786, ƙirƙira ce, ba tarihin halifa Al-Wathiq ba.

Kuma don Allah a daina tsallake wasiƙun Walton, shugaban jirgin ruwan da wasiƙunsa suka buɗe littafin Frankenstein suka kuma rufe shi. Shi ma dogon buri ne ya kai shi cikin ƙanƙarar arewa, ya saurari labarin Victor kaf, kuma da ma'aikatan jirginsa suka matsa masa, ya yarda aka juya gida.