Ɗaura gashin zabo a ƙugiya don kama tsage

A kogin Binuwai, daga Lagdo har Garwa a ƙasar Kamaru, tsage ba ya barin duk abin da ya yi kama da ƙaramin kifi ya wuce. Shi ya sa ban cika haƙar tana ba, gashin tsuntsu ya ishe ni.

Samu ƙugiya mai dogon wuya, ka maƙale ta a bakin filaya, ka ɗaure hannun filayar da roba don hannuwanka su samu sarari. Naɗa zaren nailan daga idon ƙugiyar, wato ramin da ake zura igiya, zuwa inda ta fara lanƙwasa. Nan za ka ɗaura fararen gashin wuyan zakara guda biyu, su ne wutsiya. Kada su wuce tsawon yatsa.

Aikin yana wajen gashin zabo. Je wurin masu fige kaji a kasuwa, amma ka ce a tsige maka tun kafin a tsoma zabon a ruwan zafi, don wanda ya sha zafi murɗewa yake. Cire lallausan da ke gindinsa, ka ɗaure shi ta tsini kusa da ido, ka zagaya sau uku kana shafa shi baya da jiƙaƙƙun yatsu. Ɗigo-ɗigon nan a ruwa sai ka rantse ɓawon kifi ne.

Ƙulla, ka ɗiga Super Glue kaɗan, kada ya toshe ido.

Tsakanin ƙugiya da igiya sa siririyar waya kamar taƙi ɗaya, don haƙoran tsage yanke nailan suke. In ka jefa, riƙa janyowa da fizga-fizga.