Ka sa kati, ba ka kira kowa ba, kuɗɗi sun tahi: ga inda za ka duba

Salamu alaikum ƴan uwa. Kusan kullum sai wani ya iske ni da salula a hannu ranshi ɓace, wai jiya da marece ya sa katin dala ɗari, bai kira kowa ba, da sahe ya duba babu ko dala. Ni ba kare kamfanonin nan nike ba, amma sau da yawa in na karɓi wayar na duba sai in tarar ƙofar da kuɗɗin suka bi a buɗe take tun tuni, mai wayar ne bai san da ita ba. Abin na yi mini ciwo don galibi tsofaffi ne da mata da masu neman na abinci.

Mu fara da forfe, wato ƙunshin mega ko minti da kake saya, don nan ne rigimar take. Forfe yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani ko da ba ka sa hannu a takarda ba, latsawar nan da ka yi ita ce sa hannunka. Kahin ka latsa ka duba mega nawa ne, kwana nawa zai yi, sannan wane lokaci yake aiki kuma a kan mi. Akwai na awa 24, akwai na sati, akwai na wata, akwai wanda sai cikin dare yake tashi, akwai wanda WhatsApp da Facebook kawai yake buɗewa. Jiga ɗaya wajen mega 1000 ce, amma in ta kwana ɗaya ce to gobe war haka ta mutu ko ka taɓa ta ko ba ka taɓa ba. Mutum ya ga jiga mai arha ya ruga ya saya, ashe ta dare ce, shi kuma bayan isha'i ya yi kwana.

To ga babbar ƙofar. In forfenka ya ƙare kuma konekisiyon na buɗe, a wasu layukan waya ba ta tsayawa, sai ta koma cin kuɗɗin katinka kai tsaye, kuma farashin mega a wajen forfe ya hi na ciki tsada nesa ba kusa ba. Don haka ka riƙe wanga tsari: ka kashe konekisiyon tukuna, sannan ka sa kati, ka sayi forfe, ka jira saƙon da ke tabbatar maka ya shiga, sai ka kunna. Kar ka goge saƙon nan, shi ne shaidarka in ka tahi ajans. Ka kuma karanta ko forfen mai sabunta kanshi ne, don irin wannan da ka sa kati zai cire nashi ba sallama. Haka waƙar da mai kiranka ke ji, da saƙonnin labarin ƙwallo da kacici-kacici, da yawansu kuɗɗi ake cirewa kullum ko duk sati, wani lokaci yaro ne ya latsa eh yana wasa da wayar. Ka kira masu kula da abokan hulɗa na kamfaninka ka ce su karanto maka duk abin da aka yi maka rajista, wanda ba ka so su cire.

Minti ma haka. Wani forfen kira layi ɗaya kawai yake yi, wani duka layuka. Lambobinmu na Nijar 8 ne kuma biyun farko na nuna kamfani, misali 96 da 97 Airtel, 90 da 91 Zamani wanda da ake kira Orange, 94 Moov, 93 Niger Telecom. Ka dubi lambar kahin ka zauna doguwar gaisuwa.

Sai ɓarayin mega na cikin wayar kanta. Na ɗaya WhatsApp, musamman gurup ɗin dangi da na unguwa da ake zuba bidiyo ba dare ba rana, in saukewa ta kai tsaye a buɗe take duk sai ya sauke su da kanshi ko ba ka kalla ba. Shiga parametir na WhatsApp, wajen ajiya da mega, ka cire alamar hoto da murya da bidiyo a saukewa ta kai tsaye. Play Store kuma ka ce mishi kar ya sabunta komi sai da wifi. TikTok kam ba shi da magani sai ka rage kallo. In wayarka mai pis (sim) biyu ce ka tabbata layin da ka saya ma forfe shi ne aka zaɓa ma intanet, wannan kuskuren ya cinye katin mutane da yawa.

Batun rezo kuma, dubi ɗan harahin da ke kusa da sandunan nan na sama. E na nuhin 2G, kira da ɗan saƙo kawai zai iya, H ko H+ 3G ne, sai 4G ko LTE mai gudu. Sanduna ƙarhin siginal tsakaninka da antan kawai suke nunawa, ba su gaya maka mutum nawa ke kan antan ɗin. Shi ya sa a babbar kasuwa da rana ko ranar salla za ka ga sanduna cike amma saƙo ya ƙi tahiya, kamar rijiya guda ce guga ya yi yawa. Ka sa waya a yanayin jirgi ka cire, ko ka bari sai da asuba in abu mai nauyi za ka aika. Kuma kahin ka sayi forfen wata ka gwada na kwana ɗaya a gidanka da wajen sana'arka, don layin da ke gudu a unguwar Zariya ta Maraɗi ba dole ya yi gudu a Tibiri ko ƙauyukan Dakwaro ba.

Mu ƴan Maraɗi muna da wani abu da na Yamai ba su cika sani ba, wato iyaka. In ka nuhi Ɗan Isa ko hanyar Jibiya wayarka na iya kama antan ɗin Najeriya kana cikin ƙasarka, in kuwa layinka na da izinin aiki a waje to farashin waje za a yi maka, har amsa kira ana iya cire maka kuɗɗi. Ka nemi inda aka rubuta Itinérance ka kashe, sannan a zaɓen rezo ka cire otomatik ka zaɓi kamfaninka da hannu. Mai zuwa Katsina a kai a kai gara ya riƙe layin can daban.

Yanzu abin da ya hi damuna, sunan da ke kan pis. Wata innata shekaru tana amfani da layin da wani yaro ya saya mata a bakin hanya da sunan wani, ranar da aka sace wayar muka tahi ajans aka ce sai mai sunan ya zo da katin shaidarshi, mu kuwa ko saninshi ba mu yi ba. Lambar da ƴaƴanta na waje suka sani, da WhatsApp ɗinta, da ɗan abin da ke cikin asusun wayar, duk suka tahi muna ji muna gani. Don Allah ka ɗauki katinka na ɗan ƙasa ka tahi ajans a duba sunan wa ke kan layinka, ka kai iyayenka su ma. Kwalin da pis ya zo a ciki ka adana, lambar PUK na jiki. In ka yi kuskuren PIN sau 3 layi zai kulle sai da PUK, in ka yi kuskuren PUK sau 10 pis ya mutu ke nan, don haka kar ka tsaya canka. Ka latsa *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lambobi 15, za ta hito, ka rubuta ta a takarda ka aje gida, ita za ka nuna a komisariya in an sace wayar. Lambar sirrin asusunka kuwa da lambobi 6 da WhatsApp ke turowa, duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake ka karanto mishi, ka kashe kiran. In kamfani ya ci maka kuɗɗi ka kai kuka ba a share maka hawaye ba, akwai hukumar ARCEP da ke sa ido a kansu, sai ka tahi da saƙonnin nan da na ce kar ka goge, da rana da lokacin da abin ya faru.