Yadda ake gina aikin bincike da koyarwa a kan ƙudan 'ya'yan itace daga Yamai

Ɗalibin da ke burin zama malamin jami'a a fannin ilimin gado da sauyawar halittu yana iya farawa da ƙaramin ƙudan nan mai jajayen idanu da ke yanyame ruɓaɓɓen mangwaro, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster. Da shi ne Thomas Hunt Morgan ya yi aiki a Jami'ar Columbia ta Amurka, inda ya ci karo da namiji mai fararen idanu a 1910, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1933.

Hanyar karatun sananniya ce: lisans na shekara 3 a sashen nazarin halittu na Jami'ar Abdou Moumouni, masta na shekara 2, sannan doktora. Sai dai tun daga lisans ya kamata ka riƙe ƙididdiga da sarrafa bayanai a kwamfuta hannu bibbiyu, domin tun da aka karanta kundin gadon ƙudan, wato dukkan bayanan gadon da ke cikin ƙwayoyin halittarsa, a 2000, lissafi ya zama babban ɓangare na aikin.

Kiwonsa ba ya cin kuɗi, garin masara da sukari da yisti da agar (garin da ke daskarar da abincin) sun ishe shi, kuma a ma'aunin zafi 25 kwana 10 kacal yake ɗauka daga ƙwai zuwa babba. Babban abokin gaba shi ne zafin Yamai. Idan ɗaki ya kai 30 mazan sukan daina haihuwa, alhali a watan Afrilu ana haura 40, saboda haka kada ka fara gwaji sai ka tanadi na'urar sanyaya wuri da faifan sola na ranar da aka ɗauke wuta. Matan ƙudan da za ka haɗa su aure a gwaji kuwa, ware su kafin awa 8 da fitowarsu a matsayin manyan ƙudaje, tun ba su sadu da namiji ba.

A ganina, kuskure ne ka dogara ga ƙudajen da ake sayowa daga cibiyar adana ƙudajen bincike ta Bloomington a Amurka kaɗai. Asalin ƙudan Afirka ne, kudu da Sahara, kuma a nan bambancin gadonsa ya fi yawa. Ka kafa tarko da ayaba a lambunan bakin kogi, ka binciki yadda namu ke jure zafi da fari, ka wallafa sakamakon, tun da da wallafe-wallafen ne hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai tantance malaman jami'a, take auna ƙarin girma.

A aji, sa ɗalibai su haɗa namiji mai fararen idanu da mace mai jajaye. 'Ya'yan duka jajaye za su fito, amma idan aka haɗa 'ya'yan da junansu, a jikoki farin zai dawo a kusan rabin maza, ban da mata.