Darasi na Tara: Ƙasa, Halittunta da Dabaibayinsu

Karatu na farko: daga Gaya zuwa Bilma

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Gaya zuwa Agadas ya riga ya yi rabin wannan darasi da idonsa, ko da bai san baƙi ko ɗaya ba. A Gaya zai baro giginya da kuka da kaɗanya, ga gamba ta fi mutum tsayi. Kafin ya iso Ƙonni itatuwa sun fara ba juna tazara, sai gawo da kalgo da sabara a cikin gonakin hatsi. Daga Tawa zuwa Abalak gonaki su yi ta janyewa, ƙaya ta karɓi fili: aduwa, magarya, bagaruwa, da ƙarangiya mai kama ƙafar wando. In aka wuce Agadas aka nausa Tenere kuwa, sai rairayi iya ganinka.

Ruwan sama ne ya raba wannan gado. Gaya takan samu kusan milimita 800 a shekara, Yamai wajen 550, Tawa ba ta cika wuce 400 ba, Agadas ba ta cika kai 150 ba, Bilma kuwa ko 20 ba ta samu a yawancin shekaru. Faffaɗan yanki mai ruwa iri ɗaya da zafi iri ɗaya, wanda tsirrai da dabbobinsa suka yi kama da juna, shi za mu kira babban yankin halitta. A Nijar muna da uku: yankin Sudan can kudu (ba ƙasar Sudan ba), Sahel inda muke zaune, da Sahara. Duniya tana da wasu, kamar kurmin Kwango inda rana ba ta cika taɓa ƙasa ba, da filayen ƙanƙara na arewacin Rasha.

Waɗannan yankuna ba ruwansu da iyakar gwamnati. Sahel ta taso tun daga Senegal har ƙasar Sudan, shi ya sa Ba'adare in ya je Mali ko Cadi zai tarar da sabarar da ya baro a gida. Hukuma ma ta san da wannan rabo: tun 1961 aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta ga makiyaya.

Karatu na biyu: kowa da gurbinsa

Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Haka abin yake a daji. Kowace halitta tana da abin da take ci, da inda take kwana, da lokacin da take fita, da aikin da take yi wa sauran. Wannan duka shi ne gurbinta.

Ku tsaya bakin makiyaya da hantsi ku kalli garke. Saniya tana naɗe doguwar ciyawa da harshe. Tunkiya tana bin gajera, tana tsinka dab da ƙasa. Akuya ta ɗora ƙafafun gaba a jikin magarya tana tsintar ganye tsakanin ƙaya, raƙumi kuma ya miƙa wuya can inda akuya ba ta kaiwa. Belbela tana biye da ƙafafun shanu tana cafke farin da suka tayar, carki yana bisa doron saniya yana cire kaska. Fili ɗaya, baki shida, kuma kowa ya samu, don ba akushi ɗaya suke sa hannu ba. Makiyayin da ke haɗa garkensa da dabbobi iri-iri ya san wannan ilimi tun kafin a rubuta shi.

A ganina babu wanda ya iya zaɓen gurbi kamar gawo. Da damina ta sauka, sauran itatuwa na ado, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara. Hatsin da ke ƙarƙashinsa ya samu rana, ganyen da ya zuba ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, sai ya yi kore shar, don saiwarsa ta nutse can ƙasa inda ruwa yake. Dabbobi su zo shan inuwa da cin ƴaƴansa, su bar kashi a gindinsa. Ku gwada zangarniyar gindin gawo da ta tsakiyar fili ranar girbi, ba sai an yi muku bayani ba.

Gurbi kuma ba ya zama fanko. In aka cinye ciyawa mai kyau kafin ta zubar da iri, shekara da shekaru, sai garmani ya mamaye wurin, dabba kuwa ba ta damu da shi ba.

Karatu na uku: dabaibayi

Ɓera takan haihu bayan mako uku da ɗaukar ciki, ƴaƴa da yawa, kuma sau da yawa a shekara. Me ya hana ɓeraye cika duniya? Kyanwa da mujiya da maciji suna ci, cuta tana kashewa, rumbu yana ƙarewa. Yadda ake sa wa jaki dabaibayi don kada ya yi nisa, haka kowace halitta take da abin da ke riƙe yawanta: ruwa, abinci, wurin zama, cuta, ko mai farautarta.

Ga abin da ya kamata a riƙe da kyau. Ɗauki tulu mai huda uku, ɗaya a wuya, ɗaya a ciki, ɗaya kusa da gindi. Ko rijiya guda ka juye masa, ruwan ba zai tsaya sama da hudar ƙasa ba. Toshe ta wuya ɓata ƙarfi ne. Abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke hukunci, ko da sauran sun wadata. Ciyawa tana iya cika fili a arewacin Abalak, amma in babu rijiya ko tabki kusa, ruwa ne dabaibayin garke. A bakin tabkin Tabalak kuwa ruwa ya samu, ciyawar kewaye ce ke fara ƙarewa.

Wani dabaibayin yana ƙara matsewa ne in an yi yawa: cuta ta fi saurin yaɗuwa inda dabbobi suka cunkushe a bakin rijiya ɗaya. Wani kuma bai san yawa ko kaɗan ba. Farin 1973 da na 1984 sun kwashe garken mai ɗari da na mai biyar, haka farin ɗango na 2004 bai tambayi girman gona ba. Wani lokacin hannun mutum ne: raƙuman dawa na Kure sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, da aka hana farautarsu sai ga su sun haura 600.

Manoman Illela sun nuna ana iya kwance dabaibayi in an gane shi. Fako ba rashin ruwan sama ke damunsa ba. Ruwan ne ke zamewa ya wuce bai shiga ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 suka riƙa haƙa tassa da rani, rami mai faɗin taƙi guda, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya bi hanyarta ya nutse. Amma tassa babu taki ba ta cika ba da zangarniya mai kyau ba: an toshe hudar ƙasa, ruwan ya hau, ya tarar da ta biyu.

Lissafi

Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar wajen kilo 6 na busasshiyar ciyawa kullum. Daga Oktoba zuwa Yuni wata 9 ne, kwana 270. Kilo 6 sau 270 ya ba da kilo 1,620. Shanu 5 kilo nawa za su ci? In makiyaya tana da kilo 16,200 da dabba za ta iya ci, shanu nawa za ta riƙe har faɗuwar ruwa? A tuna ba duk ciyawar da ido ya gani ke shiga cikin dabba ba. Kofato na tattakewa, iska na kwashewa, gara da gobara na cin rabonsu, shi ya sa ma'aikatan kiwo sukan lissafa kashi ɗaya cikin uku kawai.

Aikin gida

Kowa ya je gonarsa ko makiyayar garinsu da kaye da alƙalami. Ya rubuta sunan itatuwa biyar da ya gani, da dabba ko tsuntsun da ke amfana da kowanne. Sannan ya samu dattijo ko dattijuwa ya ce: "Baba, ko Inna, wane icce ne kuka sani a nan da kuna yara, wanda yanzu babu shi?" A rubuta amsar da dalilin da suka bayar, a zo da ita ranar karatu mai zuwa.