Yadda nake lissafin takarda da haɗa warƙoƙin littafi

A zauren mahaifina cikin birnin Zariya na koyi wannan aiki, kuma har yau da lissafi nake farawa kafin in taɓa alƙalami.

In ka je sayen takarda a Sabon Gari, rim ɗaya falle 500 ne. Raba shi kashi 20, kowane kashi falle 25, ka sa ɗan tsinke tsakani. Lasa yatsa wajen ƙirga ba na so, yana ɓata gefen takarda.

Sai ninki. Falle ɗaya in ka ninka shi sau ɗaya, warƙa 2 ke nan, shafi 4. Sau biyu, warƙa 4, shafi 8. Sau uku, warƙa 8, shafi 16. Kada ka rikita warƙa da shafi, nan almajirai suka fi faɗuwa: warƙa tana da ciki da baya, shafi kuwa fuska ɗaya ce.

Littattafanmu na hannu ba a ɗinke su. To me zai riƙe jerin? A ƙasan bayan kowace warƙa, ta hagu, rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye. Na taɓa ganin iskar hunturu ta watsa wa Baba izu guda a tsakar zaure. Bai ce uffan ba, ya zauna yana bin kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya har ya mayar da kowace mazauninta kafin la'asar.

In ka gama jerawa, daidaita gefuna a kan allo, sa cikin tadarishi, wato bangon da ke rufe warƙoƙin, ɗaure da igiyar fata, ka zura a gafaka. Rataye ta nesa da bango mai danshi, saboda gara.